Cocin La Concepción na La Orotava: inda za ka tsaya da abin da za ka duba

A tsibirin Tenerife, wanda shi ne mafi girma a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, coci mai suna La Concepción ya fi ɗaya. Akwai na La Laguna, akwai na Santa Cruz babban birnin tsibirin, akwai na Realejo Bajo, sannan ga na La Orotava. Wanda ya rubuta sunan cocin kawai a taswirar waya, ya bi abin da ta fara nuna masa, yana iya tsintar kansa a La Laguna yana ɗaga kai yana neman ƙubbar da ba a can take ba. Don haka ka haɗa da sunan garin. Na La Orotava shi ne wanda masana gine-gine suka fi ambata a matsayin gini mafi kyau na salon Barok, wato salon ginin Turai mai yawan lanƙwasa da ado, a duk tsibiran, kuma tun 1948 gwamnatin Sifaniya ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

La Orotava gari ne mai mutum dubu arba'in da 'yan kai, a arewacin tsibirin, a kan gangaren wani kwari mai faɗi da ya sauko daga tsaunuka har bakin teku. Daga Santa Cruz tafiyar kilomita 35 ce ko kusa da haka a kan babbar hanyar TF-5. Filin jirgin sama na arewa, Tenerife Norte, yana kan wannan hanyar kuma ya fi kusa. Na kudu yana can ɗaya gefen tsibirin, kuma wanda ya sauka a can sai ya ware fiye da awa ɗaya a mota. Mafi yawan baƙi suna kwana a Puerto de la Cruz da ke bakin teku, su hauro da safe, tazarar ba ta kai kilomita goma ba.

Motocin bas na kamfanin TITSA, masu koren fenti, su ne hanya mafi sauƙi. Mutanen tsibirin guagua suke ce wa bas, shi za ka ji a bakinsu idan ka yi tambaya. Layi na 345 yana tashi daga Puerto de la Cruz ya bi ta La Orotava, layi na 108 kuma yana zuwa daga Santa Cruz. Idan ka sayi katin biyan kuɗin bas mai suna Ten+, kada ka manta ana ɗora shi a kan na'ura sau biyu, lokacin hawa da lokacin sauka. Wanda ya sauka bai ɗora ba, na'urar za ta ɗauka har ƙarshen layi ya je, ta cire masa kuɗin tafiyar duka.

Mai motar haya kuwa, shawara ɗaya ce: kada ka shiga tsohon gari da ita. Titunan ƙunci gare su, da yawansu hanya ɗaya ce, an shimfiɗa su da dutse, ga hawa mai tsini. Ka ajiye motar a sabon ɓangaren gari, wajen tashar bas, ka ƙarasa da ƙafa. Daga tasha ka bi titin Calvario zuwa dandalin Plaza de la Constitución, ka ci gaba ta Carrera del Escultor Estévez har gaban ginin majalisar gari, daga nan sai ka gangara kaɗan. Minti goma zuwa sha biyar ne ga mai lafiyar ƙafa. Takalmi mai santsin ƙasa ba na wannan gari ba ne, domin dutsen titi ya goge da shekaru, kuma ko yayyafi aka yi sai ya riƙa zame mutum, musamman a gangara. Mai keken guragu ko mai ciwon gwiwa ya ɗauki tasi ta sauke shi a ƙofar cocin.

Lokacin zuwa ma abin lura ne. Iskar arewa maso gabas da ke kaɗowa daga teku tana tara gajimare a jikin wannan kwarin, kuma yawanci da safe sama a buɗe take, kafin tsakar rana ta rufe. Wanda yake son ganin ƙubba da hasumiyoyi cikin haske, da dutsen Teide mai tsawon mita 3,715 a can sama, ya zo da wuri. Garin yana kan tudu kusan mita 400 daga teku, saboda haka ya fi Puerto de la Cruz sanyi, rigar sama mara nauyi tana da amfani ko da rani. Cocin kuma wurin ibada ne da ake amfani da shi kullum, lokutan baƙi suna bin lokutan Mas, wato babbar ibadar Katolika, da ɗaurin aure da jana'iza. Takardar da aka liƙa a ƙofa ta fi abin da ke intanet inganci. Ranar Lahadi da safe ba ta mai yawon kallo ba ce.

Kafin ka shiga

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a iso, a ɗauki hoto ɗaya daga gaba, a faɗa ciki. Fuskar wannan ginin ba a miƙe take ba, kuma daga tsakiya ba ka gane haka sosai. An raba ta gida uku: na tsakiya ya turo gaba, na gefe biyu sun karkata baya zuwa ga hasumiyoyi, kamar goshin jirgin ruwa. Ka tsaya a gaban ƙofa tukuna, sannan ka taka a hankali zuwa kusurwa ɗaya ta dandalin kana kallon layin saman bango. Za ka ga yana lanƙwasa yana hawa yana sauka, hasumiya ɗaya tana ɓoyewa ɗaya tana fitowa. Wannan motsi shi ne zuciyar Barok. Salon ya taso a Rum a ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, bayan taron majalisar Katolika na Trento da aka yi tsakanin 1545 da 1563, lokacin da cocin ya ƙudurta cewa gini da zane su riƙa jan hankalin mai ibada su taɓa zuciyarsa. Maimakon bango shafaffe da layi miƙaƙƙe, sai lanƙwasa, da inuwa mai zurfi, da ado mai kauri.

Hasumiyoyin biyu tsawonsu mita 24 ne kowace, kuma kawunansu an yi musu siffar ƙararrawa. Sashen tsakiya na dutsen aman wuta ne mai duhu, an sassaƙa shi, sauran bangon kuma shafe ne mai haske, shi ya sa adon yake fitowa ko da rana ba ta haska ba. A saman ƙofa akwai baranda. Can sama ka nemi indararo huɗu da aka sassaƙa da kawunan dodanni, baki buɗe. Aikinsu zubar da ruwan rufi nesa da bango, amma maginan ba su bar su haka kawai ba.

Abin da mutane suka fi wucewa ba su gani ba yana nan kusa da ido. A kan ginshiƙan da ke gefen ƙofa akwai sassaƙa mai siffar duniya guda biyu, ɗaya tana nuna tsibiran Kanari, ɗaya tana nuna Kyuba da abin da ke kewaye da ita. Ka matsa kusa ka duba su, don labarin kuɗin ginin ke nan a rubuce a jikin dutse. A ƙarni na 18 mutanen Kanari da yawa sun yi ƙaura zuwa Kyuba da Benezuwela neman arziki, kuma gudummawar da suka aiko gida tana cikin abin da aka gina cocin da shi, haɗe da tallafin fadar Sarki Carlos III da na manyan gidajen garin.

Me ya sa aka sake gini tun daga tushe? Sifaniyawa sun gama cin Tenerife da yaƙi a 1496, kuma ba a daɗe ba aka kafa ƙaramin ɗakin ibada a wannan wuri, daga baya aka faɗaɗa shi ya zama coci a ƙarni na 16. A ƙarshen Disamba 1704 ƙasa ta fara aman wuta a Siete Fuentes, a Janairu 1705 ta ɓalle a Fasnia, a Fabrairu kuma a Arafo, duk a ɗaya gefen tsaunin da ke bayan La Orotava. Girgizar ƙasar da ta zo tare da su ta tsattsage tsohon cocin. An yi ta faci shekara da shekaru, daga ƙarshe aka haƙura aka rushe shi. An fara sabon gini a 1768, aka buɗe shi a 1788. Wanda ya jagoranci aikin magini ne ɗan garin, Patricio García, kuma Miguel García de Chávez ne ya ƙarasa bayansa.

Ka riƙe waɗannan shekaru biyu, domin su ne mabuɗin duk abin da za ka gani a ciki. A 1768 yayin Barok ya riga ya fara wucewa a Madrid. Makarantar fasaha ta San Fernando, wadda aka kafa a 1752, tana koyar da komawa ga tsarin Girka da Rum na dā, wato layi miƙaƙƙe, ado kaɗan, lissafi tsaf. A 1777 fada ta ba da umarnin a riƙa aika zanen manyan gine-ginen coci zuwa makarantar don ta duba, ta kuma hana ƙarfafa yin manyan bagadai na katako saboda gobara, ta ce a koma dutse. Da zanen cocin La Orotava ya isa Madrid, shahararren mai zanen gini Ventura Rodríguez ya duba ya aiko da nasa gyare-gyaren. To amma tsakanin tsibiri da babban birni akwai teku, kuma kafin takardu su je su dawo bango ya riga ya tashi. Abin da ya yiwu aka ɗauka, sauran aka bari. Sakamakon shi ne gini mai ɗanɗano biyu: waje na maginin gida ne mai son lanƙwasa da ado, ciki kuma ya fi natsuwa, ya karkata ga abin da Madrid ke so. A ganina wannan rashin daidaituwar ce ta sa ginin ya fi wasu da yawa da aka yi su da tsari guda daɗin kallo.

A ciki

Da ka shiga, ka tsaya a bakin ƙofa minti ɗaya ko biyu ido ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai. Mafi yawan tsofaffin cocin Kanari rufin katako gare su, wanda kafintoci suka harhaɗa da zane-zanen lissafi irin na mudéjar, salon da Sifaniya ta gada daga masu sana'a Musulmi na Andalus. Katakon daga zuciyar itacen pine na tsibiran ake samunsa, mai yawan ƙaro, ja ne mai duhu, ba ya ruɓewa da wuri amma yana cin wuta. A nan ba za ka ga wannan ba. Rufin baka ne, fari, a kan zaure uku, na tsakiya ya fi na gefe tsawo, kuma ginshiƙan dutse ne ke ɗauke da shi. Ga mutumin La Orotava na 1788, wanda duk rayuwarsa ƙarƙashin rufin katako mai duhu yake ibada, wannan baƙon abu ne.

Ka duba kawunan ginshiƙan. An sassaƙa musu ganye, kuma a kan kowane kai an ɗora wani guntun dutse mai kusurwa kafin baka ta fara. Dabara ce ta ƙara wa rufi tsawo ba tare da an tsawaita ginshiƙin kansa ba. Idan kana da ƙaramin madubin hangen nesa, ko kyamara mai jawo abu kusa, nan ne wurin amfani da shi, don sassaƙar tana da nisa daga ƙasa.

Daga nan ka bi zauren tsakiya har inda zaurukan suka gicciye, ka tsaya daidai ƙarƙashin ƙubba. Tana zaune a kan wuya mai tagogi, a samanta kuma akwai 'yar hasumiyar dutse mai tagogi da ke shigo da haske. Ka lura da yadda aka tashi daga murabba'i zuwa da'ira: bakuna huɗu sun haɗu, a kusurwowinsu huɗu an cike da bango mai siffar alwatika da ya lanƙwaso ciki, a kansa wuyan ƙubbar ya zauna. Nan ne nauyi yake taruwa, kuma a ƙasar da ta taɓa girgiza har ta tsattsage coci, ɗora irin wannan ƙubba ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce. Hasken da ke saukowa daga sama ya fi na ƙofa ƙarfi, da gangan aka yi haka, don ido ya bi shi zuwa bagadi.

Babban bagadin shi ne inda ɗanɗanon Madrid ya yi nasara gaba ɗaya. Babu katafaren allon katako mai ruwan zinariya da ya cika bango, irin wanda mai zuwa cocin Barok yake sa ran gani. Abin da ke wurin ƙaramin ɗaki ne na marmara da dutsen yasfa, ginshiƙai a kewaye da 'yar ƙubba a sama, da mala'iku biyu na farin marmara a gefe. An yi shi a Jenowa ta Italiya, a shagon masassaƙi Giuseppe Gaggini, kuma an kafa shi a 1823, shekara 35 bayan buɗe cocin. Mumbarin marmara da ke jikin ginshiƙi, wanda mala'ika yake ɗauke da shi, shi ma aikin Jenowa ne na wannan zamanin. Marmara ba ta cikin duwatsun tsibirin, duk wanda ka gani a jirgin ruwa ya zo.

Yanzu ka juya ka nemi bagadin Concepción da ke kan ɗaya daga cikin zaurukan gefe. Na katako ne, aikin Francisco Acosta Granadilla na ƙarni na 17, kuma daga tsohon cocin aka ceto shi. Ka tsaya inda za ka iya ganinsa da na marmara a lokaci guda. Ɗaya babu tafin hannu guda a jikinsa da ba a sassaƙa ba, ganye da 'ya'yan itace da ginshiƙai masu ado, ɗaya kuma santsi da sanyi da lissafi. Idan minti goma kawai kake da shi a cocin, a wannan wurin ya kamata ka kashe biyar.

Siffar Maryamu da ke wannan bagadi ta masassaƙin Jenowa ce, Angelo Olivari. Cocin an keɓe shi ne ga aƙidar Katolika da ke cewa ita Maryamu an ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba. Baƙi da yawa suna ɗauka maganar cikin Yesu ake yi, alhali nata ne. Paparoma Pius IX ne ya tabbatar da aƙidar a 1854, amma Sifaniyawa sun daɗe da riƙe ta kafin nan, har a 1760 Paparoma ya amince da roƙon Carlos III aka ayyana ta majiɓinciyar ƙasar. Bikinta ranar 8 ga Disamba ne, ranar hutu ce a duk Sifaniya, kuma cocin yana cika.

A bagadan gefe akwai siffofin katako masu fenti na masassaƙa biyu da suka fi suna a tsibiran. José Luján Pérez, mutumin Gran Canaria da ya rayu daga 1756 zuwa 1815, shi ya yi Maryamu mai baƙin ciki da Yahaya manzo, ɗaya daga almajiran Yesu. Almajirin Luján, Fernando Estévez, a nan La Orotava aka haife shi, a 1788, shekarar da aka buɗe cocin, kuma titin da ka biyo sunansa yake ɗauke da shi. Nasa aikin a nan shi ne siffar Bitrus manzo. Ka kwatanta fuskokin: na malamin suna da zafin rai, kai a karkace, tufa kamar iska na kaɗa ta, na almajirin kuma sun fi kwanciyar hankali. Wasu siffofin kai da hannu kawai aka sassaƙa, sauran jiki firam ne na katako da aka lulluɓe da tufafin gaske na karammiski, domin su yi sauƙin ɗauka a jerin gwanon makon Ista. Idan ka zo a wannan makon ka ga gurbi babu kowa, ba sata aka yi ba, siffar tana kan abin ɗauka ana shirya ta.

Kafin ka fita ka juya baya ka dubi saman ƙofa, inda babban kayan kiɗa mai bututu yake. Na Jamus ne, na kamfanin Walcker, daga 1914.

Cocin yana da gidan adana kaya da ake kira Tesoro de la Concepción, a ɗakunan da ke bayan bagadi. Akwai kayan azurfa, da rigunan limamai masu aikin zare, da zane-zane, wasu daga tsofaffin gidajen sufaye na garin da aka rufe a ƙarni na 19. Lokutansa sun fi na cocin gajarta, don haka ka fara tambayar sa tun da ka shigo, kada ka bar shi sai ƙarshe. Ka riƙe tsabar Yuro kaɗan a aljihu. Awa ɗaya ta ishi cocin kansa ga mai kallo a natse, da gidan kayan kuma awa ɗaya da rabi.

Ladabin wurin ba shi da wuya. Ba a cire takalmi. Namiji yana cire hula, mace kuma tana iya barin ɗankwali ko mayafinta yadda yake. A rufe kafaɗa da gwiwa. Wanda ba Katolika ba, babu mai tsammanin ya tsoma hannu a ruwan da ke bakin ƙofa, ko ya durƙusa, ko ya yi alamar gicciye. Idan Mas ta fara kana ciki, ka zauna a baya shiru ko ka fita ta gefe, kada ka ci gaba da zagayawa. In mutane sun tashi sun yi layi zuwa gaba, layin karɓar jibi ne, wato gurasar da aka tsarkake, na 'yan Katolika kaɗai, ka zauna a inda kake. Ba a hawa matakalar bagadi, ba a taɓa siffa ko katako, domin maiƙon hannu yana cin ruwan zinariya da fenti. Hoto kuma ba da walƙiyar kyamara ba. Ban da hana ta da ake yi, ɓata hoton ma take yi, marmara ta yi fari fat, bayanta ya yi baƙi. Gara ka jingina hannu a bayan benci ka ɗauka da hasken wurin.

Ranar shimfiɗar furanni

Rana ɗaya a shekara cocin yana zama tsakiyar garin duka. Tun 1847, lokacin da Leonor del Castillo ta gidan Monteverde ta shimfiɗa zanen furanni a ƙofar gidansu da ke titin Colegio, dab da cocin, don jerin gwanon Corpus Christi, bikin Katolika na girmama gurasar da aka tsarkake, ya bi ta kai, al'adar ta kama. Yau titunan da ke kewaye da cocin ana rufe su da shimfiɗu na ganyen fure da aka tsinke, da ganyen wani ɗan itace mai suna brezo da ake yankawa ƙanana a gasa shi mataki-mataki, ya ba da kore da ruwan ƙasa da baƙi. A dandalin majalisar gari kuma ana yin babban zane wanda ya haura murabba'in mita 800, ba da fure ba, da ƙasa da yashin aman wuta masu launi daban-daban da ake ɗebowa daga gandun Teide, ba tare da rini ba. Ana makonni ana yin sa, kuma ya shiga kundin Guinness a 2007.

Wurin da ake yin kuskure shi ne kwanan wata. Kalandar coci tana sa Corpus Christi ranar Alhamis, kwana 60 bayan Ista, yawancin Sifaniya kuma tana yin bikin ranar Lahadin da ke biye. La Orotava ba ta bin ko ɗaya, nata ranar Alhamis ce ta bayan wannan Lahadin. Lissafin mai sauƙi ne: ka ƙirga kwana 67 daga Lahadin Ista. A 2024 ya faɗa 6 ga Yuni, a 2025 kuma 26 ga Yuni. Wanda ya sayi tikitin jirgi da kwanan watan kalanda zai iso mako guda kafin lokaci, ya tarar da babban zanen ba a gama ba, titunan kuma babu fure ko ɗaya.

A ranar, masu shimfiɗa suna fara aiki tun da sassafe, kuma kallon su suna aikin ya fi kallon abin da aka gama. Zuwa tsakar rana taro ya yi yawa, ana bin hanya ɗaya a gefen titi, ba a komawa baya, ba a tsallake shimfiɗa. Da yamma, bayan Mas, jerin gwano yana fitowa daga cocin ya taka su duka, ya shiga dandalin majalisa, ya dawo. An rufe tsakiyar gari ga motoci, saboda haka bas ce mafita. Amma wannan ba ranar duba gini ba ce, ciki a cike yake, kuma ba za ka samu tsayawa ƙarƙashin ƙubba ba. Mai son biyun ya zo kwana ɗaya ko biyu kafin bikin ya ga cocin a natse, ya leƙa babban zanen ana ƙarasa shi, sannan ya dawo ranar Alhamis. Ranar Lahadin da ke biye kuma ana jerin gwanon manoma na San Isidro, waliyyin manoma a wurin Katolika, da shanu da amalanke da kayan gargajiya, garin ya sake cika.

Ƙubbar ba ta ganuwa sosai daga dandalin cocin, domin fuskar ginin ta tare ta. Don ganinta daga waje sai ka hau sama. Lambun Victoria da ke bayan Plaza de la Constitución hawa-hawa aka yi shi, kuma daga matakansa na sama za ka ga ƙubbar da haƙarƙarinta na dutse, da hasumiyoyi biyu, da jajayen rufin gidaje har teku.

Idan ƙafa ta yarda, ka haura titin San Francisco, ka wuce Casa de los Balcones, gidan ƙarni na 17 mai barandar katako, ka ci gaba zuwa unguwar sama inda cocin San Juan Bautista yake. Hawan yana da wuya, amma can ne za ka ga rufin katakon da aka ambata, a cocin da ya kasance na masu sana'a da manoma lokacin da La Concepción yake na manyan gidaje. Sai ka ga wancan za ka gane girman abin da Patricio García ya sauya. A hanya za ka wuce tsofaffin injinan niƙa da ruwa ke juyawa a dā, waɗanda aka jera a kan gangaren don ruwa ɗaya ya bi ta cikinsu bi da bi, ana niƙa gofio, garin gasasshen hatsi na tsibiran.

Shagunan shan kofi suna nan kewaye da dandalin. Kofin da aka fi sani a Tenerife shi ne barraquito, wanda ake jera madara mai zaƙi da kofi da kumfar madara a ƙaramin gilashi, da kirfa da ɓawon lemun tsami a sama. A yadda aka saba haɗa shi akwai giya a ciki. Wanda ba ya sha sai ya ce sin licor tun lokacin da yake oda, za a kawo masa ba tare da ita ba.